Amsa ga Hajiyar da ɗanta ke nutso a Bahar Maliya

Wata Hajiya daga Gwammaja a Kano ta aiko da tambaya. Ɗanta da ke karatu a Alƙahira ya je hutu bakin Bahar Maliya, ya turo mata bidiyonsa a ƙarƙashin ruwa, da tukunyar iska a bayansa, ga wani ƙaton kifi yana gilmawa ta gefensa. Ƙannensa suka ce mata shak ne. Tun ranar barcinta ya zama rabi da rabi. Tana so a gaya mata gaskiya: dabbobin nan suna cin mutum? Ta hana shi ne ko ta ƙyale shi?

Hajiya, sannu da haƙuri, Allah Ya raya mana su. Ni ma ɗan cikin garin nan ne. A kududdufin bayan unguwarmu na koyi iyo a ɓoye, kuma na sha bulala a kansa ba sau ɗaya ba. Daga baya neman abinci ya kai ni Jidda, na fara da ɗaukar tukwanen iska da wanke rigunan roba a wani shagon masu nutso a Abhur, sannu a hankali har na zama mai koyarwa. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shiga tekun nan da ɗanki ya shiga, biyu daga ciki a ɓangaren Masar, kafin gwiwa ta ce in dawo gida.

Na kalli bidiyon sau uku. Ƙannensa ba su yi ƙarya ba, shak ne. Amma irin siririn nan ne mai farin ɗigo a saman ƙayar bayansa da bakin wutsiya, wanda ke zama a gindin duwatsun murjani. Da wuya ya wuce mita ɗaya da rabi. Da rana kwanciya yake a kogo ko a kan yashi, da dare ya fita neman ƙananan kifaye. In mutum ya matso shi, tashi yake ya bar wurin. Kuma ki sani, ta cikin gilashin da muke sawa a fuska komai yana ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, yana kuma matsowa kusa, shi ya sa duk wanda ya fito daga ruwa kifin da ya gani ya fi na gaskiya girma. Akwai abu biyu da na gani a bidiyon da ban ji daɗinsu ba, kuma babu kifin a cikinsu. Zan zo kansu.

Nau'in shak ya haura ɗari biyar, waɗanda suka yi suna wajen kisan mutum ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Akwai gidan tarihi a Jami'ar Fulorida ta Amurka da ke tattara lissafin cizon shak na duniya baki ɗaya. A 2023 sun ƙirga mutum 69 da shak ya ciza ba tare da sun tsokane shi ba, 10 suka mutu, kuma wannan shekarar ma ta ɗara yadda aka saba. Mafi yawansu mutanen da ke saman ruwa ne, masu iyo da masu hawa igiyar ruwa a kan allo. Mai tukunyar iska yana ƙasa, shak yana ganinsa sarai, ga ƙarar kumfar da yake fitarwa, bai yi kama da abincinsa ba.

Ba zan ɓoye miki ba, a tekun da ɗanki yake an yi asarar rai. A Disambar 2010 shak ya raunata baƙi da dama a Sharm El-Shaikh cikin 'yan kwanaki, ya kashe wata Bajamushiya. A Yunin 2023 wani ya kashe wani saurayi ɗan Rasha a Hurgada, daf da gaɓa, mutane na kallo. Dukansu a saman ruwa suke.

Ni ma akwai ranar da na tsorata da gaske. A wani tsaunin murjani ne da ake kira Elfinston, kusa da Marsa Alam, cikin watan Nuwamba. Mun gama nutsonmu ni da baƙi biyu, mun tsaya a mita biyar ƙarƙashin jirgi, tsayuwar minti uku da ake yi kafin a fito. Ƙarƙashinmu babu ƙasa, shuɗi ne kawai har iya ganinka. Sai ga shi ya taso daga cikin shuɗin nan, ba ya sauri, fikafikansa dogaye masu zagayayyen baki, farare a ƙarshe kamar an tsoma su a nono, ga wasu 'yan kifaye masu zanen baƙi da fari suna rakiyarsa. Wannan shi ne na tsakiyar teku, wanda ba ya jin kunyar mutum. Inda yake rayuwa abinci ba ya samuwa kullum, saboda haka duk abin da ya gani sai ya zo ya duba. Ya zagaya mu sau ɗaya daga nesa, na biyu ya matso, na uku ya nufo ni kai tsaye har na ga ƙwayar idonsa tana juyawa tana bina. Na jawo baƙin nan muka haɗa baya, muka miƙe tsaye a cikin ruwan, hannuwa a ƙirji, duk inda ya juya na juya ina fuskantarsa. Ba a ba shi baya, ba a fantsama ƙafa. Da ya zo daf na miƙa masa takalmin iyona, ya goge shi da gefen jikinsa ya wuce. A zuciyata ba abin da nake maimaitawa sai a'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Da minti ukun suka cika muka hau jirgi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya tsaya yana lilo a saman ruwa. Sai da na zauna na ga agogon iskata: abin da na zuƙa a minti ukun nan ya kusa wanda nake sha a minti goma.

To a nan maganar take, Hajiya. Abin da na fi jin tsoro a ranar, ɗaya daga cikin baƙin ya firgita ya harba sama. Bari in yi miki bayanin dalili, domin shi ne ainihin haɗarin sana'ar nan.

Ruwa nauyi gare shi. Duk mita goma da mutum ya sauka, matsin da ke kansa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya da ke kanmu a nan tudu. A mita goma ya ninka biyu, a mita ashirin ya ninka uku. Na'urar da ke bakin mai nutso tana ba shi iska daidai da matsin wurin da yake. In ya cika huhunsa a mita goma, ya riƙe numfashi ya taso, iskar nan kafin ya iso sama ta ninka girmanta biyu. Ki ɗauki balan-balan ɗin yara da aka hura ta cika, a ce a ƙara mata kwatankwacin abin da ke ciki. Huhu ba ya jin zafi ya gargaɗe ka, yagewa kawai yake. Kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya fito sama ya faɗi kamar mai shanyewar ɓarin jiki, wani ko magana ba zai yi ba. Wannan yana iya faruwa ko a ruwan da bai fi tsayin mutum ba, in dai daga tukunya ya shaƙi iskar. Shi ya sa doka ta farko da muke koya wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Ta biyu kuma, a hankali ake tasowa. Iskar da muke shaƙa kusan kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, a zurfi tana narkewa ta shiga jini da tsoka. In aka taso a hankali tana fita ta numfashi. In aka yi gaggawa sai ta yi abin da kwalbar lemo ke yi in an girgiza ta an buɗe, kumfa a gaɓoɓi da laka. Tsohuwar ƙa'ida ita ce kada a wuce mita 18 a minti ɗaya, agogunan nutso na yanzu ma suna fara kuka tun daga tara ko goma.

Mutumin da ya firgita kuwa abu biyun nan yake yi a tare: ya riƙe numfashi, ya ruga sama. Allah ne Ya halicce mu haka.

Na taɓa samun wani ɗalibi, ƙaƙƙarfan saurayi, ya iya iyo fiye da ni. Muna mita goma sha biyu sai wani ɗan kifi ya zo ya manne masa a cinya. Kifin nan bai fi kamu ɗaya ba, a saman kansa akwai wani faifai mai layi-layi kamar ƙasan silifa, da shi yake mannewa a jikin shak ko kunkurun teku ya sami abin hawa kyauta. Ba ya cizo, ba shi da dafi. Yaron ya ji abu a jikinsa, ya duba, ya ga siffar shak ƙarami. Na ga idonsa ya cika gilashin. Ya tofar da na'urar numfashi, ya fara hawa ruwa da hannu da ƙafa kamar mai hawa tsani. Na cafko ɗamarar rigarsa, na sace iskar rigata da tasa don mu yi nauyi, na tura masa na'urar a baki ina danna mata iska. Ya kai min naushi har gilashina ya koma kunne, ruwan gishiri ya cika min hanci. Ban sake shi ba. Muka iso sama da saurin da ya fi yadda nake so, amma yana numfashi. Muka sa masa iskar oksijin, likita ya duba shi, Allah Ya kiyaye. Kifin kuwa har jikin jirgi ya biyo mu, yana neman inda zai sake mannewa.

In kin bi labaran masu nutson da aka ce dabba ta firgita su suka mutu ko suka nakasa, sau da yawa haka za ki tarar. Dabbar ta wuce abinta, tasowar ce ta yi ɓarnar.

Wanda ya taɓa fitar min da jini a shekarun nan duka, wani kifi ne da ko sunansa ba a sani ba a nan, tiriga. Babbansa yakan kai santimita 75, jiki a faɗaɗe, launin rawaya da kore, ga haƙora a gaba kamar na tsohon doki, da su yake farfasa murjani da katantanwa. Yawancin shekara ba ruwansa da kowa. Lokacin da ya haƙa gurbi a yashi aka zuba ƙwai kuwa, kaza mai 'ya'ya ma ta san da zamansa. Zai miƙar da ƙayar bayansa, ya karkata gefe ya kalle ka da ido ɗaya, sai kawai ka gan shi a kanka. Abin da ake koya mana shi ne yankin da yake karewa yana buɗewa ne zuwa sama kamar mazurari, saboda haka wanda ya gudu sama yana ƙara shiga gonarsa ne. Gefe ake yi, a kwanta rigingine, a sa takalman iyo tsakani. Na san wannan sarai, na koya wa mutane da yawa. Ranar da tawa ta zo ina kallon wani ɗalibi ne, ban ga gurbin ba, sai ji na yi kamar an matse min sha-raɓa da filaya. Ya huda rigar roba ya cire tsoka. Jinin da ke fita kore-kore na gan shi, domin jan launi shi ne farkon ɓacewa a ƙarƙashin ruwa. Ɗinki huɗu. Har yau in na naɗe wando zan yi alwala a masallacin unguwa yara na tambaya, in ce kifi ne, su yi dariya.

Yanzu abu na farko da ya dame ni a bidiyon ɗanki. Wajen ƙarshe ya miƙa hannun hagu ya dafa dutse don ya daidaita kansa. Wannan ɗabi'ar ita ke kai mutane asibiti a Bahar Maliya. Akwai kifin dutse, wanda ko ni da na san shi sai an nuna min sau biyu nake ganinsa, domin ba shi da maraba da dutse mai gansakuka. Ƙayoyi goma sha uku ne a bayansa, kowace da dafinta. Wanda ya taɓa sokuwa da ƙayar ƙurungu yana gyaran kifi, ya haɗa da harbin kunama, ya ninka, bai kai ba. Na ga ƙato yana kuka da hawaye yana roƙon a yanke masa ƙafar. Taimakon farko ruwan zafi ne, iya zafin da fata za ta jure ba ta ƙone ba, wajen digiri 45, a tsoma wurin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, sannan a wuce asibiti. Ba a tsagawa, ba a tsotsa. Kifin zaki mai baza gashi kamar ɗawisu shi ma haka ake masa. Akwai murjanin wuta, launin ƙasa-ƙasa da farin baki, wanda in fata ta goge shi sai ta yi bororo kamar an zuba mata tafasasshen mai. Da ruwan teku ake wankewa a zuba ruwan khal, ruwan famfo ƙara tayar da shi yake. Akwai wani mai kama da maciji, morai, da ke leƙowa daga rami yana buɗe baki yana rufewa. Baƙi na ɗauka barazana ce, alhali numfashi yake. Ganinsa ba shi da ƙarfi, amma wanda ya zura hannu a raminsa zai gane haƙoransa baya suka karkata.

Sannan don Allah kada ki ce ya kawo miki tsarabar katantanwar teku. Akwai wata mai siffar mazubi, zanenta kamar na atamfa mai tsada, ita ce kowa ke sha'awar ɗauka. Mai ranta tana da ɗan mashi da take harbawa, dafin yana tsayar da numfashi, kuma har yau ba a da maganin karya shi, sai dai a riƙe mutum da na'urar numfashi har dafin ya fita daga jikinsa. Shahararren mai shirin dabbobin nan na Ostireliya, Steve Irwin, wanda ya yi rayuwarsa yana kokawa da kadoji, a Satumbar 2006 kifin nan mai faɗi kamar faifai ne ya soke shi da ƙayar wutsiya a ƙirji, a ruwa marar zurfi, ya mutu. Kifi ne mai gudun mutane, ya bi ta samansa ne daf da shi.

In ɗanki ya ce zai je Dahab, wani gari a bakin tekun a Masar, ki tambaye shi ko Shuɗin Rami za shi. Wani rami ne a bakin gaɓa mai zurfin kusan mita ɗari, a jikin dutsen wurin an manna allunan tunawa da waɗanda suka mutu a ciki. Ba dabba ce ta kashe su ba. Akwai wata ƙofa a wajen mita 55 da ke fita zuwa teku, ita suke nema. Daga wajen mita talatin iskar tukunya tana fara bugar da mutum kamar wanda ya sha wani abu, ya ji shi daidai yake da kowa, ya manta duba agogonsa. A yi iyo a saman ramin ba laifi, kyau gare shi.

Kada kuma mu ɗauka namu ruwan na gida ya fi sauƙi. Bayan na dawo an taɓa roƙona in taimaka a nemo injin wani kwalekwale da ya faɗa a madatsar Tiga. A Bahar Maliya kana ganin mita ashirin ko talatin a gabanka. A Tiga da na sauka mita huɗu ko tafin hannuna ba na gani, da lalube ake komai. Ina shafa wani kututture sai na ji an finciko min hannu har kafaɗa, haƙorana suka datse robar bakina. Minjirya ce. Babbarta tana iya sakin wutar da ta haura bolt 300, sai dai na ɗan ƙiftawar ido ne, ba kasafai take yi wa babba lahani ba. Amma ga duhu, ga itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gina madatsar a zamanin Audu Baƙo, ga tsofaffin ragar masunta sun naɗe a jikinsu. Wanda ya zabura a nan ya faɗa raga, ko da iska a bayansa lissafinsa ya fara. A lokacin na gane inda wasu labaran 'yan ruwa masu riƙe ƙafa suke samo asali, ko da yake ba na musu da kowa a kan wannan. Inda kada ko dorina suke kuwa, irin su Dadin Kowa da wajen Yawuri, ba dabarar da zan koya wa kowa, ba a shiga kawai. A tambayi Sarkin Ruwa da masuntan wurin, a ji maganarsu. Kuma abin da na kwaso daga Tiga wanda ya fi minjirya wahalar da ni, tsargiya ce, da ƙwayarta ke fitowa daga 'yan ƙananan dodon koɗi ta shiga ta fata ba ka ji ba. Sai da na sha magani. Kududdufan da ke cikin garin nan, waɗanda ba shak ba kada, kowace damina sai 'yan kwana-kwana sun tsamo gawar yara daga cikinsu.

Ki hana shi? In yana da sikila, ko farfaɗiya, ko ciwon zuciya, e, ki hana shi kai tsaye, in asma ce kuma sai likitan da ya san nutso ya gwada shi ya yarda. In lafiyarsa ƙalau, shawarata kada ki hana, domin zai yi ne a ɓoye yadda na yi a kududdufi, kuma mai ɓoyewa wurin masu araha yake zuwa. Ki sa masa sharaɗi. Ya yi kwas na gaskiya, kwana uku zuwa huɗu, ya turo miki hoton katinsa na PADI ko SSI ko CMAS, ƙungiyoyin da ke ba da shaidar koyon nutso. Katin farko na PADI ko SSI mita 18 ya ba shi, kada ya wuce ko abokai sun yi masa dariya. Wanda ba shi da kati, na gwaji kawai ake yi masa, mita 12, malami na kusa da shi. Kada ya shiga shi kaɗai, kada ya shiga da mura domin kunne ba zai daidaita ba, kada ya bi jirgin da ake zuba wa kifaye abinci don baƙi su ɗauki hoto. Ya tambayi masu jirgin ko suna da tukunyar oksijin, da inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wanda ake sa mai nutso a ciki in kumfa ta kama shi. Akwai a Sharm, akwai a Hurgada. In zai taho gida hutu, tsakanin nutsonsa na ƙarshe da hawa jirgin sama a sami aƙalla awa 18 in ya jera kwanaki yana shiga, ni kwana guda cur nake ba ɗalibaina, domin a sama matsi raguwa yake, sauran iskar da ke jini ta taso masa kafin a sauka filin jirgin Malam Aminu Kano.

Abu na biyu da na gani: zoben azurfar da ke hannunsa na dama. A bidiyon duk sanda ya motsa sai ya yi walƙiya. Akwai wani dogon kifi mai haƙora, barakuda, da ke tsayawa cak a tsakiyar ruwa yana jiran ƙyallin ƙaramin kifi ya kai sara, kuma ba ya tsayawa tantancewa. In kun yi waya yau da daddare, ki ce ya cire shi ya bari a ɗaki tare da agogon ƙarfen.